Tsuntsun Mai Zane

Kin san yadda mai zane ya samu ƙanwata? Tun rasuwar mijinta ta rufe baki, masu nema duk ta kore su. Shi kuwa wata uku ya yi a gindin bishiya, yana zana tsuntsu ɗaya a takarda ɗari. Ya haɗa su ya miƙa mata.

"Ki sake su ɗaya bayan ɗaya da yatsa, zai tashi."

Ta faro daga ƙarshe, tsuntsu ya yi ta baya-baya har ya koma sheƙa. Dariya ta ƙwace mata, har da hawaye.

"Na ɓata maka aiki."

"Naki ya fi," ya ce. "Ni ma wurin zama nake nema."

Ta daɗe tana kallon takardun, sannan ta juyo gare ni.

"Yaya, ba shi kujera mana."