Goron da Bai Bushe Ba

Shekarar da sojoji suka miƙa mulki, Baba ya ce hanya ta yi sauƙi. Ya ɗauke mu daga Gyadi-Gyadi a tsohuwar fijonsa, ni da kakata Inna, don ta ga ƙanwarta Ladi da aure ya kai hayin kogi, ɓangaren Nijar. Rabonsu da juna shekara ashirin.

Tsarabarta goro ne a naɗe cikin ganye. Duk ƙauyen da muka tsaya sai ta kwance shi ta yayyafa masa ruwa, motar ta cika da ƙanshin jiƙaƙƙen ganye.

Da la'asar muka isa bakin kogi. Dattijo mai kwalekwale ya tambayi gidan wa za mu. Inna na faɗin sunan Ladi, ya ajiye sandar tuƙinsa ya durƙusa.

"Ya haƙuri, Hajiya? Allah Ya jiƙanta. Ai jiya aka yi sadakar bakwai."

Ya ɗauka ta'aziyya ce ta kawo mu.

Baba ya yi salati. Inna ba ta yi kuka ba. Ta sunkuya ta ɗebi ruwan kogin da tafinta, ta sake yayyafa wa goron.

Na ce, "Inna, to wa za ki ba?"

Ta ce, "Yi shiru, 'yar nan. Kada ya bushe kafin mu isa."

Yanzu ni ma ina da jikoki. Amma ko a kasuwar Tarauni na ga mai goro yana yayyafa ruwa, sai in ji kamar har yanzu ba mu isa ba.