Shari'ar da Mahaifinsa Ya Ci

Gobe za a shiga kotu, kuma Maccido ya dage gonar da Surajo ke nomawa a Adabka gadonsa ce. Surajo ya kasa zama. Yana tsaye a kan lauyarsa Zinatu, tana laluben rumbun tsofaffin hukunce-hukunce na intanet, wanda sai an biya ake shiga.

"Duba da kyau. Mahaifina ya taɓa cin shari'a kan gonar nan, duk gari an sani."

Yatsanta ya tsaya. "Ga ta. Ya ci kuwa."

"Alhamdu lillahi."

"Malam Surajo, zauna tukuna. Wani maƙwabci ne ya ce gonar tasa ce. Mahaifinka ya dafa Alƙur'ani ya rantse cewa aronta ya karɓa wurin mahaifin Maccido."