Tikitin Lorna

Ranar Lahadin nan dusar ƙanƙara ta kwana tana zuba. A ƙofar filin ƙwallon Amurka, Marlys ta ga tikiti biyu a hannun saurayinta Duane, ta miƙa hannu.

Ya sunkuyar da kai. "Na Lorna ne."

"Matar da ka saka?"

"Haba masoyiya, wasa bakwai tana gefena, ba a ci ƙungiyarmu ba. In aka sauya zama, sa'a ta tafi."

Marlys ta hango Lorna tana jira, sanye da tsohuwar hular Duane.

"Hular ma don ƙungiya ce?"

Ya saci kallon agogo. Marlys ta zare zoben alkawarin da ya ba ta, ta saka masa a aljihu.

Ƙungiyar ta kai wasan ƙarshe. Marlys kuwa tana garin Duluth wajen ƙanwarta, ba ta kunna talabijin ranar Lahadi.