Giwan Ruwan da Musaddiq Ya Saki

Kifin ya taso saman ruwa kamar gungumen ice, zaren ƙugiya yana yanka wa Musaddiq yatsu. Hammadu mai kwalekwale ya miƙa hannu ya cafko shi, suka taru suka riƙe shi a jikin jirgin. Giwan ruwa ne, in an tsayar da shi zai kai ƙirjin mutum.

Musaddiq ba masunci ba ne. Tela ne a Ƙofar Wambai, ko iyo bai iya ba. Mahaifinsa, Malam Abdulbaqi, shi ne ke kwance tun farkon damina, abinci ya ƙi shiga, kunu ma sai da lallashi. Rannan tsohon ya buɗe ido ya ce da zai samu romon ɗanyen giwan ruwa, irin wanda yake kamowa a dam yana saurayi, da ya sha. Abin da ya roƙa ke nan duk tsawon jinyar.

Musaddiq ya karaɗe kasuwar Muda Lawal, ba komai sai kifin ƙanƙara da tarwadar kiwo. Masunta suka ce giwan ruwa ya yi ƙaranci, Hammadu kaɗai ya san makwancinsa. Shi kuma ba ya sayar da kifi. Manyan mutane masu sha'awar kamu yake ɗauka a kwalekwale, su biya shi ladan yini. Musaddiq ya biya, ya kuma faɗa masa dalilinsa tun kafin su bar gaɓa. Hammadu ya jinjina kai, ya yi wa tsoho doguwar addu'a.

Mutumin ya san aikinsa, babu laifi. Kai tsaye ya tuƙa su wani lungu mai dogayen ciyayi, ya sauka ruwa har ƙirji, ya shige da ƙugiyar cikin ciyawa da kansa, ya dawo. Kafin rana ta yi zafi kifi ya ci. Bai ma yi wata gardama ba.

A gaɓa mutane suka taru. Hammadu ya ƙi yarda a fito da kifin tudu, yana riƙe da shi a ruwa yana shafa bayansa. Wani jami'i mai duba kamun kifi ya gwada tsawonsa ya ce ya wuce ƙananan da aka hana kamawa nesa ba kusa ba, doka ta ba mai shi. Paulina mai suyar kifi ta ce, “Ka ɗauki kifi naka ka tafi gida. Me kana jira?”

Sai Hammadu ya sassauta murya.

“Ɗan'uwa, mace ce, ƙwai ne fal cikinta. Dubi bakinta duk tabo, a ruwan nan ta tsufa. In ka yanka ta, dubbai ka yanka. Doka ta halatta, na sani, amma 'ya'yanmu me za su kama? Ka dawo ranar Asabar in samo maka namiji.”

“Baba ba shi da lafiya,” in ji Musaddiq.

“Shi da ya yi kamun kifi a ruwan nan? Da yana tsaye a nan, da bakinsa zai ce a sake ta.”

Musu ya kaure. Wasu suka ce halak ɗin mutum ba a yi masa wa'azi a kai, wasu suka ce irin wannan haɗamar ce ta ƙarar da kifin dam. Duk cikinsu babu mai uba a kwance, shi ya sa bakin kowa ya yi zaƙi. Musaddiq bai ji su ba. Maganar ƙarshe ta Hammadu ce ta zauna masa a ƙirji, don ya san halin mahaifinsa.

Ya ce a sake ta. Aka ɗauke shi hoto yana rungume da ita. Hammadu ya ce sai an mayar da ita daidai inda aka same ta, in ba haka ba ba za ta gane makwancinta ba. Ya shiga ciyawar da ita, ya fito hannunsa babu komai.

A gida Musaddiq ya tarar yayarsa Bilkisu ta daka kayan yaji, tukunya na kan wuta. Ta kalli hannunsa, ta kalli wayar da ya miƙo mata.

“Hoton zan dafa masa, Musaddiq?”

Tsohon ya daɗe yana kallon hoton. Ya ce, “Ka kyauta.” Sannan ya juya fuskarsa ga bango. Ranar Alhamis ya rasu.

Bilkisu ba ta ƙara tayar da zancen ba, shirun nata kuwa ya fi zagi ciwo. Musaddiq ya yi ta cin kansa. Abu guda yake lallashin zuciyarsa da shi: ya hana mahaifinsa romo, amma ya bar wa ruwa uwa, wataƙila ladan ya kai wa tsohon a kabarinsa.

Bayan sadakar bakwai ya hau mashin da sassafe ya nufi dam, don ya gaya wa Hammadu ba ya buƙatar namijin. Ya tarar da wata ƙatuwar mota a gaɓa. Can a bakin lungun nan kwalekwalen yake, wani Alhaji zaune a ciki da sabuwar sandar kamu mai sheƙi, yana jira. Musaddiq ya bi gefen ruwa a ƙafa, ya zagayo ta bayan ciyayin don ya yi sallama.

Daga nan ya hango Hammadu, ruwa har ƙirji, ya ɗaga murfin wani ƙaton kejin waya da ke ɗaure ƙarƙashin ruwa, ya jawo kan uwar kifin nan mai tabon baki waje, yana cusa mata ƙugiyar Alhajin a baki.