Zinari a Sandar Kuza

Tun da doka ta ce kuza tsantsa kaɗai ke ƙetare iyaka, na'ura ce ke lasar kowace sanda a ƙofar kwastan, ta faɗi ajinta. Da ta lashi ta Gambo, sai fitilarta ta yi ja.

"Baba, wannan ba tsantsa ba ce," in ji jami'ar. "Akwai zinari a ciki."

"Zinari a kuzar Bukuru? 'Yata, injinku ya zautu."

"Kaɗan ne. Bai wuce haƙorin Makka ɗaya ba."

Gambo ya dubi sandar. Iliya, mai narka masa kuza, shi ya rantse masa kwanan baya cewa abokin cinikinsu Alhaji Barau ya tafi Agadas ba sallama. Gambo ya tuna murmushin Alhaji mai ƙyallin haƙorin Makka, ya janye hannunsa daga sandar.