Mai Jan Fenti

"Ina mai jan fentin nan?"

Muryar wata mata ce a bakin tantin da nake rubuta sunayen waɗanda ambaliya ta raba da gidajensu.

Wata uku da suka wuce, da gwamnati ta fito da sabon tsarin kare mutane daga ambaliya, ni aka ba gwangwanin jan fenti da buroshi. Duk gidan da ke kan hanyar ruwa in shafa masa ja, a kwashe mutanensa zuwa tudu. Na sha zagi har na gode Allah. Na ɗauka wani daga cikin masu zagin ne ya biyo ni.

Sai ta durƙusa ta gaishe ni.

"Malam, ni 'yar tsohon telan nan ce na ƙarshen layi. Wanda ya riƙe hannunka yana kuka, ya ce a ɗakin nan mahaifiyarmu ta rasu, kada ka fitar da shi."

Na tuna shi. Na tuna yadda na waiga hagu da dama, na rufe gwangwanina na wuce ban shafa wa gidansa ja ba.

"Kullum sai ya sa maka albarka. Ya ce in na gan ka in faɗa maka, kai kaɗai ne mai imani a cikin ma'aikatan gwamnatin nan."

Na yi murmushi. "Allah sarki Baba! Wane tanti aka ba shi?"

Ta sunkuyar da kai.

"A gidaje masu ja kawai motar kwashe mutane ta tsaya. Jiya aka tono shi ƙarƙashin bangon ɗakin."