Guntayen Itace

Ranar Litinin Hawa'u ta gama saka itatuwa a wasan wayar da suke haɗawa a wani ɗan ofis a Garwa. Wasan na garin aljanu ne, amma yanzu mutum zai iya shuka darbejiya, ya yi mata ban ruwa, ya sare ta, ya sassaƙa turmi ko kujera ko kwalekwale. Guntayen da suka rage kuwa na girki ne.

Aikin ne kaɗai ke ɗauke mata hankali daga tunanin Inna. Wata uku ke nan da 'yan bindiga suka tashi ƙauyensu na bakin iyaka. Yayanta Jafaru ya iso shi kaɗai, ya ce ya bar Inna a Maga wajen Goggo, ƙafarta ta kumbura. Kullum Hawa'u ta ce a kira ta, sai ya ce can babu rezo, waya ba ta shiga. Ta ce za ta je, ya ce a bari hanya ta lafa. Haushinsa take ji ƙwarai, ƙaton mutum ya zauna a zaure yana latsa waya, abinci ma sai an yi da gaske.

Ranar Alhamis Roger, mai ofishin, ya ƙwala mata kira.

"Madam, dubi wannan mahaukacin. Yana cushe mana wasa. Goge shi."

Ta duba. Wani ɗan wasa ne da bai taɓa sassaƙa ko muciya ba. Shuka yake yi, ya sare, ya kwashi guntayen zuwa can ƙarshen daji inda babu kowa, ya jera su a ƙasa ɗaya gefen ɗaya, tsawon kwanciyar mutum. Gari na wayewa wasan ya share su, shi kuma ya sake jerawa.

Kafin ta goge shi ta buɗe lambar wayarsa. Ta Jafaru ce. Ta hau babur sai gida.

Ta same shi a zaure, waya a hannu, yana jerawa.

"Yaya, me kake rufewa?"

Bai ɗago ba. Sai da ya ajiye guntun ƙarshe.

"Kowane kabari ana jera masa itace kafin a zuba ƙasa," ya ce. "Inda ta faɗi ko kara babu, Hawa'u. Da hannu na tona, ƙasa zalla na mayar mata a fuska. Inna ba ta kai Maga ba."